Yaro ya samu bak, uba ya ce ya gama biya: yadda ake tsaida maganar kuɗɗin ciyarwa in ɗa ya shiga jami'a

Duk shekara da zarar sakamakon bak ya hito a nan Tahoua, akwai gidajen da murnarsu ba ta kwana biyu sai rigima ta biyo baya, musamman gidan da uwa da uba sunka rabu. Uba ya ce alhamdu lillahi yaro ya girma, ga shi ya samu bak, gwamnati za ta ba shi burs, ni kam na sauke nauyina. Uwa ta ce ai yanzu ma ɗawainiyar ta soma, don da yana gida abin da anka dafa shi yake ci, yanzu kuwa ɗaki ne, kuɗɗin rajista ne, fotokopi ne, kuɗɗin mota ne in Yamai ko Maradi anka tura shi. Yaron yana tsakiya, kunya ta hana shi yi ma babansa magana, tausai ya hana shi roƙon uwarsa, kahin a ankara wata biyu sun wuce da komawa lakol shi yana zaune gida.

Abin da nike so kowa ya riƙe tun daga nan shi ne, kuɗɗin ga ba su tsayawa da kansu don kawai yaro ya cika shekara 18, ko don ya samu bak, ko don an sa sunansa cikin masu burs. Inda anka yanke su can ake komawa a canza su ko a tsaida su. Kuma wanda ya hi kowa cin riba shi ne wanda ya zauna anka rubuta sharuɗɗan tun yaron yana ajin ƙarshe na lise, ba sai an kai ga jastis ana nuna ma juna yatsa ba.

Fara da neman takarda. Kahin ki ce ma tsohon mijinki komi, ƴar'uwa, ko kai malam kahin ka daina aika kuɗɗi, a hiddo abin da anka rubuta lokacin rabuwa a karanta shi a tsanake. In alƙali ne ya yanke, akwai hukunci a rubuce, in ya ɓace ana zuwa wajen magatakardan kotun da ta yi shari'ar a nemi kwahi. A duba ko an faɗi lokacin ƙarewa: wani hukuncin yana cewa har yaro ya kai shekarun girma, wani yana cewa har ya ƙare karatu, wani kuma adadin kuɗɗin kawai ya faɗa a wata bai ce komi ba game da ƙarshe. In sulhu ne anka yi gaban mai unguwa ko fadar sarki ko wajen malamai, a nemi takardar sulhun da kowa ya sa ma hannu. In kuma baki da baki ne, gaban kawu da baffa, wanda shi ne ya hi yawa a garinmu, to ba ku da komi a hannu sai shaidu, kuma shaidu suna tsuhwa suna mantuwa, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Sai a san wace doka ce take aiki, don nan ne mutane suke ruɗewa. Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali guda da ya haɗa kowa. Dokar tsarin kotuna, ta 2004 da wadda ta maye ta a 2018, ta bar maganar aure da saki da ɗiya da gado a hannun al'adar masu shari'a, shi ya sa za ka ga alƙali yana zaune da masu ba shi shawara kan al'ada, galibi malamai ne, kuma a wajenmu al'adar ta gauraya da fiƙihun Malikiyya. Gehe guda kuma ga dokar farar hula da munka gada daga Faransa, wadda take aiki ga waɗanda sunka ɗaura aurensu bisa ita. Aya ta 203 ta wannan dokar ta ce ma'aurata sun ɗauki nauyin ciyar da ɗiyansu da kula da su da tarbiyyarsu, ba ta ambaci wata shekara ba. Kuma shekarun girma a cikinta 21 ne. Wannan 18 da ake ta faɗi shekarun jefa ƙuri'a ne da na ɗaukar cikakken hukuncin laihi, ba na fita daga wuyan uwaye ba. Ko CNSS ma, asusun kula da ma'aikata, kuɗɗin yara da take ba su, in yaro yana karatu ana iya ci gaba da amsa har ya kai 21. Uban da yake amsar kuɗɗin yaro a can da hujjar cewa ɗalibi ne, sannan ya ce ma uwar yaron ya girma ba ya bukatar komi, walle bai kyauta ba.

A ɓangaren addini gara in faɗi abin yadda yake, don wasu uwaye maza da shi suke kare kansu. A Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala wadda kowane almajiri ya sani, uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga in ba shi da wata naƙasa da ta hana shi nema, ɗiya mace kuwa har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Kenan ga ɗiya mace da take jami'a ba ta yi aure ba, babu ma gardama, tana wuyan babanta ko shekararta 26. Ga namiji ne ake ja. Amma a tuna, lokacin da anka rubuta wannan hukuncin yaro mai shekara 15 yana da gonarsa ko yana bin ayari, yana iya riƙe kansa. Malaman Hanafiyya tun da daɗewa sun sa mai neman ilimi cikin waɗanda karatu ya hana su nema, sunka ce uba ya ci gaba da ciyar da shi. Kuma Maroko, ƙasar Malikiyya irin tamu, a dokar iyalinta ta 2004 ta rubuta ƙarara cewa uba yana ciyarwa har ɗa ya kai shekarun girma, in yana karatu har shekara 25. Wannan ba dokar Nijar ba ce, kada wani ya tahi jastis ya ce an ce 25, amma hujja ce mai kyau a zaman sulhu gaban malamai, don tana nuna malaman mazhabarmu sun duba zamani sun ga haka ya dace. Ni a ganina uban da ya sa yaro lakol da hannunsa tun daga aji ɗaya, ya yi ta alfahari da shi har bak, ba shi da bakin da zai ce balaga ta raba su a daidai lokacin da shekara 3 kawai ta rage a ga anfanin abin.

Lokacin zama shi ne tsakanin hitowar sakamako da komawa karatu, gara ma tun kahin jarabawa. A kira wanda uban yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko liman, kada uwa ta aika yaron shi kaɗai ya je ya yi ciniki da babansa, wannan yana ɓata tsakaninsu har abada. Kuma kada a je zaman hannu biyu, a je da lissahi a takarda.

Lissahin nan a yi shi da gaskiya, kada a kumbura. In yaro zai yi jami'ar Djibo Hamani nan cikin gari yana kwana gida, ɗawainiyar ba ta kai ta wanda zai tahi Abdou Moumouni a Yamai ba, tahiyar sama da kilomita 500, ko wanda zai yi likitanci a Maradi ko Damagaram. A rubuta kuɗɗin rajista na shekara, ɗaki in bai samu wuri a site, gidajen kwanan ɗalibai, ba ko in babu dangin da zai sauka wajensu, abinci, kabu-kabu ko takisi, fotokopi da intanet, magani in ya kama, kuɗɗin mota zuwa gida lokacin bakansi da salla. A ware abin da ake biya sau ɗaya kamar kwamfuta da katifa, daban da na kowane wata. In makaranta mai zaman kanta ce, ta BTS ko ta lahiya, kuɗɗinta wani babban abu ne, kuma a nan dole in tsaya ma uba: ba daidai ba ne uwa ta rubuta yaro makaranta mai tsada ba da shawararsa ba sannan ta aiko mishi da takardar biya. Dokar farar hula ta ce ciyarwa tana tahiya gwargwadon bukatar mai amsa da ƙarhin mai bayarwa, Alƙur'ani ma a suratu Ɗalaƙ haka ya ce, mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda anka ƙuntata ma ya bada daga abin da Allah ya ba shi. Mai sayar da albasa a kasuwa da babban ma'aikaci ba za a ɗora musu abu guda ba.

Maganar burs ita ce ta hi kawo saɓani. Ba kowane mai bak yake samun burs ba, ANAB, hukumar da take bada burs, tana da sharuɗɗanta na maki da shekaru, wasu taimakon shekara kawai suke samu, wasu ba su samun komi. Wanda ma ya samu, kowa ya san ba ranar da ya sa ƙafa a jami'a kuɗɗin suke shiga ba, ɗalibin shekarar farko yana iya yin watanni yana jira, kuma sau nawa muke ji a rediyo ɗalibai suna kukan bashin burs. Don haka abin da ya dace a rubuta shi ne, uba ya ci gaba da bada cikakken abin da anka yanke har ranar da burs ta farko ta shiga hannun yaro, daga nan a rage wani kaso da anka yarda da shi, in burs ta tsaya ko anka yanke ta a koma kan na da. Misali kawai nike badawa, in an tsaida jika 30 a wata, a ce in burs ta fara zuwa za a koma jika 15, ku sa adadin da ya dace da ku.

Sai ainihin tambayar, yaushe za a tsaya. Kada ku rubuta shekarar kalanda, ku rubuta matakin karatu. A tsarin LMD lisansi shekara 3 ce, mastar 2, dokta 3, likitanci kuma ya hi haka nisa, amma a takarda ne kawai, don yajin aiki da shekarun karatu da suke hawa kan juna suna sa lisansin shekara 3 ta ci 4 ko hiye, kuma ba laihin yaro ba ne. In kunka rubuta "har 2029" sai 2029 ta zo yaro yana tsakiyar shekara ta ukku, rigima ta dawo sabuwa. Ku ce har ya samu lisansi. Mastar kuma ku ce za a sake zama a kanta in lokaci ya yi, don gaskiya ba kowane uba yake iya ɗaukar shekara 5 ba, ga ƙanne a baya suna tahowa. Ku faɗi abin da zai faru in ya maimaita aji: ni shawarata maimai ɗaya a yi haƙuri, shekarar farko ta jami'a tana kada yara da yawa masu ƙoƙari, amma wanda ya maimaita sau biyu ko yake canza sashe duk shekara, uba yana da haƙƙin ya nemi a sake duba maganar. Ku ƙara da ƴan watanni, 3 ko 6, bayan sutunansi, wato kare aikin ƙarshen karatu gaban malamai, don ba a hitowa daga ɗakin jarabawa a faɗa cikin albashi, akwai neman sitaj, akwai jiran hidimar ƙasa.

A gehen yaro shi ma akwai sharaɗi, kuma a gaya mishi a gaban kowa. Duk farkon shekara ya kai ma babansa takardar shaidar rajista, duk ƙarshen zango ya nuna mishi makinsa, ko da hoto ne ta WhatsApp. Uba da yawa ba rowa ce take sa su janye ba, ganin an maida su wurin amsar kuɗɗi kawai ne, ba a gaishe su ba a gaya musu komi sai ƙarshen wata. Samari da ƴammata, ku kira babanku ranar da ba ku bukatar komi, ku ce baba ina gaisuwa ne kawai.

Wa zai dinga amsar kuɗɗin? Tunda yaro ya bar gida, ya hi sauƙi a aika mishi kai tsaye, ta Nita ko Amana ko ta waya, uwa ta huta da zargin ta ci, uba ya huta da zuwa ƙofar gidan da ba ya son zuwa. Amma a rubuta hakan cikin takardar, don in hukuncin alƙali ya ce uwa za a ba, kai kuma ka koma ba yaro ba tare da an rubuta ba, ana iya wayi gari a ce ba ka biya ba. Kuma a aje resi, kowane ɗaya, a ɗauki hotonsa don tawadar tana gogewa. Uban da yake bida a Abijan ko Libiya ko Aljeriya, wanda kuɗɗinsa ba wata-wata suke zuwa ba, ana iya yarda ya dinga aiko na wata 3 ko na wata 6 a dunƙule, a sa wani ɗan'uwansa na nan gida a matsayin wanda za a tuntuɓa in an ji shiru.

Ɗiya mace in ta yi aure tana cikin karatu, ciyarwa ta koma wuyan mijinta da zarar ta tare, wannan a hili yake. Abin da ake mantawa shi ne kuɗɗin karatun kansa, rajista da sauransu, wa zai biya. A yi maganar tun wajen neman aure, waliyyi ya faɗa da bakinsa gaban shaidu cewa za ta ci gaba da karatu kuma wane ne zai ɗauki nauyi, don ɗalibai mata nawa ne sunka tsaya a shekara ta biyu saboda uba ya ce ta yi miji, miji ya ce ni ban yi alkawalin lakol ba.

In an gama zama, a rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu su sa, a sa kwanan wata, a yi kwahi uku. Takardar sulhun da anka yi gaban sarki ko mai unguwa ana iya kai ta ga alƙali ya sa mata hatimin zartarwa, daga nan ta zama abin da wisiye, mai zartar da hukuncin kotu, zai iya aiki da shi. Mutane suna jin nauyin wannan matakin, wai kamar ba a yarda da juna ba, alhali shi ne yake hana a koma gaban alƙalin da faɗa.

To in uba ya ƙiya sam, ko ya yanke kuɗɗin haka kawai? A fara da dangi da malamai, a Yamai mutane da yawa suna zuwa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar don irin wannan sulhun. In bai yi ba sai kotu. A haɗa dosiye: takardar aihuwar yaro, takardar saki ko hukuncin da anka yi a da, shaidar bak, shaidar rajistar bana, maki, lissahin ɗawainiya da resi-resinsa, da duk abin da yake nuna abin da uban yake samu. Wadda ba ta da halin ɗaukar aboka ta tambayi biron ANAJJ a babbar kotu, hukuma ce da anka kafa a 2011 don taimaka ma marasa ƙarhi da shawara kan shari'a, akwai kuma ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar. In yaron ya wuce 21, a tambaya a can ko shi ne ya kamata ya shigar da ƙarar da sunansa. In akwai hukunci a hannu kuma uban mai albashi ne, dokar OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci guda da Nijar take ciki, ta bada hanyar da ake cire kuɗɗin ciyarwa daga albashi tun a wurin aiki. Ƙin biyan abin da alƙali ya yanke da gangan kuma laihi ne da ake iya hukunta mutum a kansa. Na faɗi wannan ne don a san akwai shi, ba don a fara da shi ba, yaron da ya ga an ja babansa gaban mai gabatar da ƙara saboda shi, abin yana zama mishi a rai.

Kai kuma uba, in da gaske ƙarhinka ya ragu, an sallame ka daga aiki ko ka yi ritaya ko ciwo ya kwantar da kai ko kasuwa ta karye, kada ka yi shiru ka daina aikawa, don abin da ba ka biya ba yana taruwa ne a matsayin bashi. Ka koma inda anka yanke, ka kai shaidarka, ka nemi a rage. Haka in kana da tabbacin yaron ya bar karatu ko ya samu aikin da yake riƙe shi, ka nemi a tsaida, amma ka ci gaba da biya har a yanke. Sabon aure da sabbin yara ana duba su wajen auna ƙarhinka, sai dai ba su goge na farin.

Waɗanda yaransu ko tsohon mijinsu suke Turai su lura, can kowace ƙasa da tata. A Faransa doka ta ce nauyin ba ya faɗuwa da kansa don yaro ya kai 18, yana ci gaba muddin bai iya riƙe kansa ba, kuma alƙali yana iya cewa a ba yaron a hannunsa. A Ingila kuwa kuɗɗin da hukumar kula da ciyar da yara take bi suna tsayawa a 16, ko su kai har 20 in yaro yana karatun da bai wuce matakin sakandare ba, jami'a ba ta ciki, sai dai a bi ta kotu ko in dama an rubuta cikin yarjejeniyar rabuwa. Kada a ɗauki abin da wata ƙawa ta faɗa daga can a ce shi ne hukuncin Tahoua, ko a ɗauki namu a kai can.

Ranar da yaro ya ƙare kuma watannin da anka ƙara sunka cika, a sake ƴar takarda guda, a ce wane ya kammala lisansi a wata kaza, biya na ƙarshe ya shiga a wata kaza, babu bashi tsakani, uwa da uba da yaron su sa hannu. In da hukuncin kotu a baya, a kai kwahinta can a sa cikin dosiye. In kuma akwai ƙanne da kuɗɗinsu yake haɗe da na babban a dunƙule, a zaman nan ne za a raba a faɗi nawa ya rage ma kowane ɗaya, kada uba ya cire kason babban da ƙiyasin kansa.